Zanar Ƙofarmu

"Mas'ud, wa ya sa ka?!"

Ban taɓa kiran sunansa gatsal ba sai ranar.

Bai ɗago ba. Dagi ne a hannunsa yana haƙa ramin dirka daidai ƙofar ajin da muke kwana, ga sababbin zanaki an jingine da bango.

"Da kai nike magana!"

"Suwaiba, rage murya, yara na kallo..."

"Su kalla! Mi za ka yi da zana a ƙofarmu?"

Ya share gumi da gefen rigarsa. Idon nan nasa da nake so, ranar ya rasa inda zai ajiye shi.

"Jibi ne bikin ƙarshen shekara, kin sani. Akwai manyan baƙi daga Katsina. Kwamiti ya ce a ɗan kare wajen nan."

A ɗan kare wajen nan! Kamar wata bola.

Tun da aka tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Faskari muke zaune a wannan 'yar firamare ta gefen garin Kankara. Babanmu bai fito tare da mu ba, Allah ya jiƙansa. Hedimasta Malam Gide ne ya buɗe mana tsofaffin azuzuwan baya, mu da wasu iyalai irinmu. A ƙarƙashin allo mahaifiyata Dada take shimfiɗa tabarmarta. Da Malam Gide ya ji na yi karatu, sai ya ba ni aji uku ina koyarwa, ƙanwata Najiba kuma aka sa ta aji shida.

A nan Yaya Mas'ud ya gan ni. Mahaifinsa Alhaji Audi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, shi kuma yana da shagon taki a kasuwa. Ya zo kawo alli, daga nan alli bai ƙara yanke mana ba. Shi ne mutumin da ya taɓa ce min ko a gindin bishiya nake kwana nan zai zo zance.

Yau ga shi da dagi.

"Malamata, tsaya ki ji," ya ce, ya matso. "Baba ya yi mani alkawari. In biki ya tashi lahiya ba abin kunya, zai tura manya su nema mani aurenki. Yini ɗaya ne hwa, abar ƙaunata... yini ɗaya tak."

"Mu ne abin kunyar?"

"Ba haka nike nufi ba."

"To mi kake nufi? Wanda ya iya ɓoye uwata yini ɗaya, ai ya koyi yadda zai ɓoye ta har abada!"

"Haba hasken idona..."

"Kada ka ƙara ce mani haka in dai da dagin nan a hannunka!"

Na juya na bar shi. Ban yi nisa ba na ji ƙarar dagin ta ci gaba, kowane sara kamar a ƙirjina.

A ofishin malamai na tarar da Khairiyya tana naɗe kyaututtuka. 'Yar ƙanwar Hajiya Adama ce, mahaifiyar Mas'ud, kuma duk unguwa an san Hajiya ita ta so ya aura. Tana ganina ta saki murmushin da ya gaya min daga bakin wa shawarar zana ta fito.

"Malama Suwaibatu, kin ga aikin? Ai gata aka yi maku. Kin san masu hoto ba su da kara, kada a ɗauko tukwane da shanya."

Na wuce wurin teburina.

"Af, na manta. Najiba ce ta ɗaya a aji shida, barka. To kin san al'adarmu, uwa ke fitowa ta tsaya gefen ɗiyarta a yi hoto. Mun tsara Hajiya ce za ta tsaya mata, tunda ita ce uwar taro."

"Uwar Najiba mutuwa ta yi?"

"Subhanallahi, wa ya ce? Rufin asiri ne dai." Ta ɗaure zaren kyautar tsaf. "Ke ma ai kya so hoton ya yi kyau."

Wallahi da ba don darajar Malam Gide da ke zaune a kusurwa ba, da ranar an ji mu har tasha. Shi kuwa sunkuyar da kai ya yi. Kwamiti ne ke kawo kwanon rufi da benci, bakinsa a ɗaure yake.

Da la'asar zana ta tsaya cif. Ajinmu ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba. Na shiga na tarar da Dada ta ƙunsa lalle a hannu ɗaya, ta ciro atamfarta daga ƙarƙashin katifa, ita kaɗai ce mai kyau da ta fito da ita daga gida.

Ba ta san zancen hoton ba tukuna. Ni na gaya mata, ina kuka ina haɗiye zuciya.

Ta daɗe tana shafa atamfar.

"Ke 'yar nan," ta ce. Ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari. "Mutanen nan sun ba mu inuwa randa ba mu da ita. Wanda ya ba ka masauki, in ya ce matsa, sai ka matsa."

"Dada, wulaƙanci ne!"

"Na sani. Amma kada ki ɓata aurenki a kan hoto. Yaron kirki ne."

"Yaron kirki ne ya kafa zana?"

"Ki yi haƙuri dai. Ni zan gani."

"Ta ina?"

 Ta kama ninke atamfarta.

Mas'ud ya yi ta kiran wayata har na kashe ta. Ina son sa, ban ɓoye ba, son da ke hana ni cin abinci. Amma duk lokacin da zuciyata ta yi sanyi, sai in ɗaga kai in ga zana.

Ranar biki makaranta ta cika maƙil. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, masu ƙosai da dafaffiyar masara sun tare bakin ƙofa. Yara sun yi fareti, sun yi kacici-kacici, 'yan ajina sun yi wasan kwaikwayo har babban baƙo ya riƙe ciki don dariya. Shinkafar da baƙi za su ci, su Dada ne suka dafa ta tun safe, aka miƙo kulolin ta gefen zana. Abincinsu ya isa shiga taro, fuskarsu ce ba ta isa ba.

Ni aka ba lasifika in kira masu kyauta, don Malam Gide ya ce muryata ta fi fita. Kowane yaro na kira, uwarsa ta taso da guɗa, a tsaya a yi hoto.

Har aka zo aji shida.

"Ta ɗaya... Najiba."

Ƙanwata ta fito cikin farin hijabinta da na wanke mata da kaina. Ta karɓi kyauta da hannu biyu. Khairiyya ta yi wuf ta kama hannun Hajiya Adama, ta taso da ita tana gyara mata mayafi.

Najiba ba ta dube su ba. Waige take yi.

Na bi idonta.

A tsakiyar zanar nan akwai wani ɗan rami da babu shi jiya. Yatsa ne mai jan lalle yake buɗa ciyawar a hankali, sannan ya janye, ido ya maye gurbinsa.

Dada ce. Ta sa atamfarta, ta yi lallenta, ta zo ta durƙusa tana leƙen 'yarta kamar ɓarauniya.

 Na manta da manyan baƙi, na manta da alkawarin Alhaji, na manta da aure.

"Hajiya, a gafarce ni," na ce, lasifika na kai muryata har bakin titi. "Uwar Najiba tana nan da ranta. Ita ta dafa abincin da za ku ci. Tana bayan zanar can, ta rami take kallo!"

Wurin ya yi tsit.

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Idon ya ɓace daga ramin.

Hajiya Adama ta tsaya cak a tsakiyar fili, ba ta gaba ba ta baya. Alhaji Audi ya dube ni da kallon da na san ma'anarsa: an gama.

Sai na ji ƙarar kujera.

Mas'ud ne ya miƙe daga layin gaba, cikin shaddarsa mai ruwan toka. Bai kalle ni ba. Ya ratsa fili ya nufi zana.

"Mas'ud!" Alhaji ya daka masa tsawa. "Dawo ka zauna!"

Ya tsaya. 

Ya juyo ya russuna har ƙasa.

"Baba, ka yi mani aikin gafara. Ni na ɗaure ta, ni ya kamata in kwance."

Babu wuƙa a jikinsa. Da hannu ya kama igiyar, ƙullin da shi ya tamke da ƙarfinsa, ya yi ta fama har fatar yatsunsa ta sale. Zana ta farko ta kwanta. Ta biyu ta bi ta.

Ga su nan: tukwane, shanya, murhu, da mata tsaye suna jan mayafi. Ga Dada a durƙushe inda ramin yake.

Najiba ta ruga da gudu ta faɗa jikinta.

Ban san wace mata ce ta fara guɗa ba, daga cikin iyayen yara ne dai. Wata ta karɓa, wata ta karɓa, har fili ya ɗauka. Malam Gide ya taso da kansa ya yafito mai hoto. Dada na rufe fuska don kunya, hannunta mai lalle a kafaɗar Najiba, aka ɗauka.

Khairiyya kuwa, ban ga fitarta ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya warware. Alhaji ya rantse ba zai tura kowa ba. Hajiya ta daina amsa gaisuwata. Har aka koma makaranta, har aka girbe masara, shiru. Ni ma ban sauko da wuri ba. Duk yamma Mas'ud zai zo ya tsaya a ƙofar ajinmu, a fili, kowa na gani.

"Malamata, har yanzu?"

"Har yanzu!"

"Ai na kwance ta..."

"Sai da na yi magana ka kwance!"

"Gaskiya ne," ya ce, ya sunkuyar da kai. "Wannan ce ba ni da amsarta."

Amsar nan ce ta karya min zuciya, don da ya kare kansa da har yau muna nan.

Malam Gide da limamin unguwa ne suka yi ta sintiri gidan Alhaji har ya sauko, ba da fara'a ba, amma ya sauko. Manya suka zo neman aure wurin Baffa Yahuza, ƙanin babanmu, kuma ba su da inda za su same shi sai ƙofar ajin nan. Rana ta yi zafi, babu inuwa. Mas'ud ya ɗauko zanakin da ke jingine a bayan aji tun ranar biki, ya ɗora su kan dirkokin da ya kafa, ya yi masu rumfa. A ƙarƙashinta Alhaji Audi ya zauna aka yi magana, a ƙarƙashinta kuma aka ɗaura aure.

Ana gobe za a kai ni, ya zo gaida Dada. Ina daga bayan ƙofa ina ji. Ya durƙusa a gabanta.

"Dada, ban taɓa roƙon ki gafara baki da baki ba. Ni na tsare maki ganin ɗiyarki."

Dada ta ɗaga kai ta dubi rumfar. Ramin yatsanta na nan, rana na zubowa ta ciki.

"Tashi, ɗan nan. Ni ba ka tsare mani komai ba, na saba gani ta rami."

Ta nuna ƙofar da nake laɓe da haɓarta.

"Waccan dai ka kiyaye. Ita ba ta iya leƙe ba, kuma kada ka yarda ka koya mata."