Darasin Cikin Kwalekwale

Da murya Edinson ya gane ta. A cikin jirgin ruwan da ke kai ɗalibai birnin Iquitos, wata yarinya na faɗa da igiyar ragar kwanciyarta, ta ce, "Wayyo, ta sake kwancewa!"

Ya juyo da sauri. "Marleni? Ke ce mai cewa 'Malam, maimaita'?"

Ta harare shi, sai dariya ta ƙwace mata. "Kai ne Akun ajinmu ke nan."

Wata da watanni suna aji ɗaya ta waya, ba wanda ya taɓa ganin wani. Zaman da za su yi ido da ido a jami'a kuwa 'yan kwanaki ne, kafin ka ƙoshi da kallon mutum an tashi. Ranar rabuwa Edinson ya kasa cin ko ayaba, abin tausayi.

A ƙauyen su Marleni waya ba ta kamawa sai a wata kwanar kogi. Mahaifinta, Don Eulogio, shi ke tuƙa ta can a kwalekwale, yana jefa ƙugiya tana darasi. Da ta yi masa maganar aurenta da Edinson ya ɗaure fuska.

"Kowa mutumin kirki ne na 'yan kwanaki. Ban san shi ba, ba na ba shi."

Sai ruwa ya cika, kwanar ta gagari kwalekwale. Saƙonnin Edinson suka taru ba amsa.

"'Yar kogina, an yi darasi yau, ba wanda ya ce a maimaita. Ajin ya yi mini faɗi."

"Ko an hana ki ni ne? Faɗa mini, zan iya ji."

Shirun ya ishe shi, ya hau jirgi ya zo da kansa. Ya tsaya gaban tsohon. "Barka da yamma, Don Eulogio. Na zo ne…"

Tsohon ya ajiye tarun da yake ɗinki. "Sake magana."

"Na ce na zo…"

"Ashe kai ne! Kullum in waya ta yanke, kai ke sake karanta mata darasin daga farko, har kifina ya gudu." Ya juya. "Marleni! Me ya hana ki ce mini Akun ne? Ai wannan na daɗe da saninsa."

Ta leƙo tana share hawaye.

Da ruwa ya janye aka ɗaura aure, 'yan ajinsu suka cika jirgi guda. Da limamin coci ya tambayi amarya ko ta yarda, ta amsa ƙasa-ƙasa cikin kuka, ba wanda ya ji. Don Eulogio ya ɗaga murya daga baya: "'Yata, maimaita!"

Ta maimaita, kowa ya ji. Allah ya bar su tare.