Jiƙaƙƙiyar Tsakuwa a Gidan Balarabe

Magariba ta kawo kai, ladanin masallacin bakin layin dogo yana gyaran murya a lasifika. Radiyya, matar Balarabe, tana tsugune tana tsiyaya ragowar ruwan jarka a buta, a hankali, kamar mai awon man ja. A gidan Balarabe, can ƙarshen Agege inda kwalta ke ƙarewa jar ƙasa ta karɓa, ruwa ya daɗe da zama abin lallaɓawa. Umma, mahaifiyar maigidan, tana kan tabarma da carbinta. Mufida, 'yar gidan mai shekara sha huɗu, tana kwashe shanya tana 'yar waƙarta ta Yarbanci ƙasa-ƙasa. Sai aka ji ƙwal a kan rufin kwano.

Babu wanda ya ɗaga kai, don yaran unguwar ba su da aikin da ya wuce jifan ƙadangare. Aka sake jin ƙwal. Can sai abin ya zubo kamar an juye kwando, tsakuwa na gangarowa ta indararo tana watsuwa a tsakar gida. Radiyya ta saki buta ta leƙa waje da zagi a bakinta, ta tarar da lungu wayam, kowa ya tafi sallah. Umma ta miƙa hannu ta ɗauki guda ɗaya. Ta juya ta, ta kai hanci, sannan ta ajiye carbin.

"Radiyya, zo ki taɓa."

Tsakuwar jiƙe take sharkaf, ga sanyi kamar yanzu aka tsamo ta daga ƙasan kogi. Rabon garin da ruwan sama kuwa an kwana biyu.

Da Balarabe ya dawo daga masallaci aka nuna masa. Direban tifa ne, shi ne ma shugaban direbobin da ke lodi a ramin tsakuwar da ke bayan unguwar, mutum mai faɗin ƙirji da saurin dariya. Ya kalli abin da ke tafin uwarsa, dariyar ta maƙale. Ja-ja ce mai ɗigon fari, irin wadda yake ɗauka kullum. Ya ce aikin yara ne, ya share ta da ƙafa zuwa gindin katanga, ya shige ɗaki bai ko nemi tuwo ba.

A tsakiyar gidan akwai rijiya. Mahaifinsa, Alhaji Sunusi mahauci, shi ya haƙa ta tun unguwar tana daji, ya ce sadaka ce, kada a taɓa rufe wa mai guga ƙofa. Bahaushe da Bayarabe kowa ya sha daga cikinta. Da ruwanta aka yi wa jariran layin wanka, da shi aka wanke mamatansu. Sai masu haƙar tsakuwa suka zo. Suka yi ta cin ƙasa har suka iske ruwa, da ruwan ya hana su aiki suka kafa manyan injuna suna zuƙe shi suna korawa lambatu. Ramin na ƙara zurfi, rijiyoyin unguwa na ƙara ja da baya. Aka yi ta ɗaura wa guga ƙarin igiya, har ranar da ta Alhaji Sunusi ma, wadda ta fi kowacce zurfi, ta dawo da guga da ƙura.

Mutanen unguwa suka kai kuka. Hukuma ta ce za ta turo masu awo, kuma tsohuwar rijiyar nan za a duba. In ta ƙafe, za a taƙaita wa injunan zuƙa, a hana ramin ƙara nitsawa. Ranar da masu awon suka zo, matan gidan sun kwana biki a Oshodi. Aka zura igiyar awo a gaban jama'a, ta fito jiƙe, ruwa har gaba biyu. Masu ƙara suka yi tsuru-tsuru, masu awo suka tattara kayansu, injuna suka ci gaba da ruri. Umma ta dawo ta ji labari, ta yi hamdala har da hawaye, baiwar Allah. Kafin Juma'a ta zagayo rijiyar ta sake ƙafewa ƙaf, kuma a makon ne aka fara jifan.

Daga ranar, kowace magariba sai an yi. Bayan jifa sai ruwa ya fara ɓata. Radiyya za ta sayi jarka wurin 'yan ga-ruwa, ta juye a randa ta rufe, ta juya ta ɗauko moɗa, ta tarar da randar a bushe har gindi, ba tsaga ba yoyo. Wata rana tukunyar tuwo ce ta ƙone a kan murhu, da ruwan da aka zuba yanzu-yanzu. In gari ya yi shiru tsakanin kiran sallah da iƙama, sai a ji ana jan numfashi daga cikin rijiya, irin na wanda ya yi doguwar tafiya a rana. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Umma, da ta tsufa tana alwala a bakin rijiyar nan, ta koma taimama da ƙasar gindin katanga. Tana yi tana kallon ɗanta, shi kuwa yana kallon wayarsa.

Mufida ce ta fi kowa raina abin. "Umma, abeg ki daina tsoro," take cewa, "wannan aljanin ba shi da aikin yi ne." Ita aka tarar wata magariba a durƙushe a bakin rijiya, ta ture murfin, rabin jikinta a ciki. Da aka janyo ta ba ta gane kowa ba. Kalma ɗaya ce a bakinta, ruwa. Ta shanye kofi, ta shanye kwano, ta rungumi bokiti, amma leɓenta na tsagewa, fatarta na yamutsewa kamar kuɓewar da aka shanya. Aka kai ta asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, leda bayan leda, likita ya rasa inda yake tafiya. Aka dawo da ita a keke mai ƙafa uku, nauyinta bai fi na ƙullin wanki ba. Kowa ya ga inda aka dosa. Yarinyar bushewa take yi, kuma ba ta da sauran kwanaki masu yawa.

Balarabe ya ce a gwada wani asibitin. Umma ta dube shi ta ce, "Balarabe, ni na haife ka. Tun ranar tsakuwar nan ba ka haɗa ido da ni ba. Je ka kira min Malam Ja'afar."

Malam Ja'afar tsoho ne ɗan siriri, mai karantarwa a wani zaure bayan kasuwar shanu, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya iso bayan la'asar da butarsa cike daga gida. Bai fara da yarinyar ba. Ya je ya leƙa rijiyar, ya yi sallama a ciki, ya tsaya kamar mai jiran amsa. Sannan ya sa aka shimfiɗa Mufida a tabarma a tsakar gida, kanta a cinyar Umma, ya zauna ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Rana ta sauka bayan katanga, inuwa ta rufe gidan, ba abin da ake ji sai muryarsa da rurin injunan rami daga nesa. Yatsun ƙafar yarinyar suka fara karkarwa. Sai ta tashi zaune tsam, ba ta ko dafa ƙasa ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa dama a ƙone nake."

Muryar wata tsohuwa ce ke fitowa daga bakin yarinyar, a shaƙe. Mufida haifaffiyar Legas ce, Hausarta rabi Yarbanci rabi Turancin titi, amma wannan Hausar tsantsa ce irin ta kakanni.

Malam ya ce, "Wace ce ke, kuma me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ban zo ba. Kawo ni aka yi, a mota."

"Yi bayani."

"Gidana yana ƙarƙashin ƙasa, inda ruwa ke kwance tun kafin a sa wa garin nan suna. Ban taɓa jifan kowa ba. Ƙarfe ya huda rufina ya zuƙe ni, sai na ji ni a cikin tanka ana girgiza ni a hanya. Aka zuro tiyo ta kan katangar can, aka juye ni a wannan rijiyar. Na ce to, nan ma gida ne. Ashe ruwan aro ne, Malam. Ƙasa ta shanye shi, ta bar ni a kan busasshen dutse."

"Wa ya kawo ki?"

Hannun Mufida, wanda ya daina iya ɗaga kofi, ya tashi ya nuna ubanta.

Radiyya ta saki salati. Balarabe ya zame jikin bango ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce manajan rami ne ya ba shi tankar ruwan da injin ya zuƙo, ya kawo ta da sassafe ranar awon, maƙwabta suka ɗauka ta gidan burodin da ke baya ce.

"Umma, in aka tsayar da injin, duk tifofinmu sun tsaya. Oga ya ce na yini ɗaya ne kawai, masu awo su gani su tafi. Wallahi ban san..."

"Rijiyar ubanka," in ji Umma. "Da ita ka yi shaidar zur."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Malam ya juya ga yarinyar. "An zalunce ki, na ji. Amma wannan ba ita ta tuƙo tanka ba. Ke ma zalunci kike yi, kuma Wanda ya halicce ni ya halicce ki yana gani. Ki fita."

"In tafi ina? A jikinta kaɗai na sami danshi."

"Ki koma rijiya ki jira. Ubanta zai je ya faɗi abin da ya yi, a sake awo, ruwanki ya dawo."

"Alkawarin ɗan'adam?" Dariyar da ta yi kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. "A ba ni jingina."

"Ba a jinginar da 'yar mutane."

"Ba duka ba. Zan bar mata jininta da yawunta. Hawayenta zan riƙe in riƙa jiƙa maƙoshi, har ranar da guga ya fito da ruwan da ba a mota aka kawo shi ba."

"Ban yarda ba!"

Ranar aka ji Malam Ja'afar ya ɗaga murya. Ya ci gaba da karatu da ƙarfi yana yayyafa mata ruwan butarsa. Jikin ya sandare, ya hau jijjiga, Umma ta rungume kan gam. Yarinyar ta yi atishawa a jere, ta sulale. A can ƙasan rijiya aka ji wani abu ya sauka a hankali, kamar an ajiye kaya. Ladan ya kira magariba, kuma ko tsakuwa ɗaya ba ta faɗo ba.

Mufida ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji o." Gidan ya kaure da kuka da dariya. Babu wanda ya lura ita kaɗai ce idonta a bushe.

Balarabe ya cika alkawari, kuma tsoro ne ya kai shi, kada wani ya ce jarumta. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya faɗa, ya je gaban hukuma ya maimaita. Aka sake awo, wannan karon ba sanarwa, kuma rijiya-rijiya aka bi. Aka sa wa injunan ma'auni da iyakar abin da za su zuƙa, aka hana ramin wuce inda ya kai, aka tilasta wa masu shi su riƙa mayar da ruwan cikin wani tsohon rami ya koma ƙasa maimakon lambatu. Shi kuwa aka karɓe makullin tifa daga hannunsa. Direbobin da lodinsu ya ragu suka daina amsa sallamarsa, mutanen unguwa ma ba su manta ba. Da furfurarsa ya koma dakon buhunan albasa a kasuwar Mile 12. Masu awo sun ce ruwan ƙasa zai dawo, sai dai ba ya sauri, abin da aka zuƙe a shekaru ba ya komawa a damina ɗaya.

Umma ba ta jira shi ba. Ta rasu da rani bayan gajeriyar jinya, aka wanke ta da ruwan jarka na saye, a gefen rijiyar da mijinta ya haƙa don mutane. Mufida a ɗakin Umma ta tashi, a bayanta ta yi barci tun tana jaririya. Ta durƙusa gaban makara tana buɗe baki, ƙirjinta na sama da ƙasa, idanunta jajur, ba abin da ya zubo. Mata masu gaisuwa suka fara zunɗe, wai 'yar Legas ce, ba ta san zafin mutuwa ba. Radiyya ce ta fara tunawa da maganar jinginar. Ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai. Duk wanda ya ga fuskar yarinyar nan ranar, kuma ya san dalili, sai da ya tausaya mata fiye da mamaciyar.

Tun daga nan, kowace magariba in ya dawo daga kasuwa da warin albasa a jikinsa, kafin ya nemi buta sai ya ture murfin rijiya ya zura guga, Mufida na tsaye a gefensa. Damina ta zo ta wuce, guga na fitowa da ƙura. Wata ta sake zuwa. Rannan yana ja ya ji igiyar ta ɗan yi nauyi. Da gugan ya iso sai ga laka, baƙa, mai sanyi, ta manne a gindinsa. Mufida ta lakato da yatsa ta shafa a fatar idonta, ta rufe ido ta jira. Suka jira tare har aka ta da iƙama. Ta buɗe idon a bushe.

"Baba, sake zurawa," ta ce. "Har yau ban yi wa Umma kuka ba."