Tsakuwar Kofur Badamasi

Ana kiran magariba a unguwar Hindawiyya ta Makka, Hajo na dama kunu, tsakuwa ta faɗo cikin ƙwarya. Ɗanta Dawuda ya ce yaran maƙwabta ne. A hawa na huɗu suke, tagogi a rufe, amma kowa ya yarda, don bayanin ya fi sauƙi.

Washegari bakwai suka faɗo. Masu santsi ne, irin na bakin kogi, kuma jiƙe suke. Makka ba ta da kogi.

Mijin Hajo, Kofur Badamasi, ya tafi yaƙin basasa ya bar ta da cikin Dawuda. Takarda ta zo cewa ya faɗi a gaɓar Neja, gawa ba ta zo ba. Hajo ta ƙi takaba. Ko bayan ta zauna a Makka, duk shekara sai ta bi tantunan Mina tana duba fuskokin tsofaffin alhazai. Shekara hamsin da biyar, ba ta taɓa cewa Allah ya jiƙansa ba.

A magariba ta uku, jikarta Munira, wadda ko gaisuwar Hausa sai ta haɗa da Larabci, ta miƙe ta ƙame, ta buga ƙafa. Likita ya ce ƙarancin jini ne. Aka kira Malam Abdulwadud.

Ya daɗe yana karatu kafin ta buɗe baki. Muryar ta tsoho ce, Hausar ta ƙauye.

Malam ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai gaɓar Neja. A ƙofata Badamasi ya faɗi, ni na ja yashi na rufe shi. Kullum sai ya tambaye ni ko an yi masa addu'a a gida. Na gaji, Malam."

"Fita daga jikin yarinya!"

"Tsohuwa ta faɗa, in tafi."

Dawuda ya durƙusa gaban uwarsa. "Inna, khalas, ya isa haka. Don Allah."

Hajo ta kalli Munira. "Da me ya tafi a aljihunsa?"

"Ɗan kunnenki guda, na hagu."

Hajo ta taɓa kunnenta.

"Allah ya jiƙan Badamasi."

Munira ta zube, ta farka tana neman ruwa da Larabci.

Mai hankali zai ce yarinya ta taɓa jin zancen ɗan kunnen. Hajo ta ce ko Dawuda bai sani ba. Ta shiga takaba washegari, bana kuma ba ta je Mina ba.

Tsakuwoyin suna cikin kwano a kan firji. Ran da aka yi masa addu'a suka bushe.