Oba-oba a Motar Baƙo

Dab da magariba wani dogon mutum ya kawo mota garejina, ya ce in saka masa rediyon oba-oba. Cikin motar sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na huda rufin, na ɗaura eriya, na zura waya ta ƙarƙashin kujera. Yana tsaye a bayana, ko numfashinsa ba na ji.

Na ce, "Malam, da wa za ka riƙa magana?"

Ya ce, "Da mutanen gida."

Sai rediyon ya yi shuu, muryar mahaifiyata da muka binne bara ta fito: "Auta, fita daga motar nan, kada ka waiwaya."

Na dubi hannuna. Jar wayar batir tana nan, ban ma haɗa ta ba.