Gurbin da Injiniya Ta Bari

Ana dab da magariba abin ya fara, saura kwana uku Injiniya ta miƙa manhajar da ta shafe wata biyar tana rubutawa. A ofis an riga an gaya mata, in ta wuce ranar, wani za a ba aikin.

Manhajar gunduwa-gunduwa take, fayil ɗari huɗu, sai kwamfuta ta haɗa su kafin ta yi aiki. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, amma sai an yi awa biyu ana zaman jira. In aka raba aikin gida takwas a lokaci guda, sai jan rubutu ya cika allo, wai wani fayil ya nemi ɗan'uwansa bai same shi ba. Abin takaicin, kuskuren ba ya kwana wuri ɗaya. Yanzu yana nan, an jima ya koma can.

Ta goge ta sake har ranta ya ɓaci. Auta, 'yarta, ta leƙo sau biyu da littafin makaranta, aka ce ta jira. Cikin fushi Injiniya ta share takwas ɗin, ta bar gurbin adadin fayau, wato duk mai hannu ya kama.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin.

Daga ranar komai na gidan ya daina bin layi. Ruwa ya tafasa kafin a kunna wuta. Aka ji amsar sallama babu wanda ya yi ta. Auta kuwa ta zauna a bakin ƙofar ɗakin aikin, idonta a kafe, tana amsa tambaya tun ba a yi mata ba. Inna, mahaifiyar Injiniya, ta ce ai ga irinta nan, ta aika a kira Malam.

Da yammacin rana ta uku ya zo, tsoho mai ƙaramar murya. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe da wata murya mai kauri.

"Mu aka kira. An ce duk mai hannu ya kama."

"Ku nawa ne?" in ji Malam.

"Ba a sa adadi ba."

Muryar ta shiga ƙorafi, ita ma a gajiye. Kwana uku suna ɗora rufi kafin a tada bango, ba wanda ya gaya musu wa zai jira wa, sannan a ce su ne mugaye. A rubuta na gaba da na baya, a mayar da adadin, su kama gabansu.

Injiniya ta koma kan kwamfuta ta bincika. Ashe fayil ɗaya ne sauran ke dogara da shi, ba ta taɓa rubuta cewa a jira shi ba. Layi ɗaya tak ta ƙara, ta mayar da takwas ɗin gurbinsa. Kunya da haushi suka rufe ta.

Malam ya tambayi abin da ya kai su kan yarinya.

"Duk gidan nan kowa gudu yake. Ita kaɗai muka tarar a zaune tana jira."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale, littafin yana ƙirjinta. Cikin minti goma sha biyar aikin ya haɗu, babu jan rubutu ko ɗaya. Injiniya ba ta gani ba, tana ƙasa rungume da 'yarta. Inna ce ta leƙa ta gaya mata.