Bargon Da Aka Wanke Kafin A Ɗaure

A ɗakin Inna akwai wani bargo ninke a kan akwati, wanda ko kyanwar gidan ta san ba a hawa kansa. Da hannunta ta haɗa shi, ƙyalle bayan ƙyalle, daga tsofaffin rigunan marigayi mijinta. Hawa uku ne: ƙyallaye a sama, auduga a tsakiya, farin yadi a ƙasa. Ta kama gefunansa da ɗinkin wucin gadi, saura ta ɗaure cikinsa da ƙulle-ƙullen zare, ta sa masa baki, ta rufe kusurwoyi. A nan ta tsaya. Shekaru suka yi ta tafiya, bargo na shan ƙura, wanda ya tambaya sai ta ce idonta ne.

Ana haka Auta, ɗanta mai gyaran firji, ya kawo amarya gidan. Yarinya ce mai kunya da ladabi, aibinta ɗaya tak: tsafta. Masu ƙarin gishiri sun ce sai ta wanke sabulu kafin ta yi wanki da shi, wasu kuma suka rantse ta taɓa goge takalmin baƙo yana tsaye a cikinsa. Yaya Babba, yayar Auta, wadda ke aure a bayan layi amma ta fi ƙofar gidan Inna sanin masu shiga da fita, ita ta laƙaba mata 'Yar Tsafta. A ganinta wannan goge-gogen zagi ne a fakaice, wato su ƙazamai ne kafin a kawo musu ita. Dama kawai take jira.

Damar ta zo ranar da ta raka Inna asibitin ido. Amarya ta shiga share ɗakin surukarta, ta ɗan daki bargon da tafi, ƙura ta tashi. Zuciyarta ta ce ga hanyar faranta wa Inna rai. Ta jiƙa shi a baho, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta matse, ta shanya.

Audugar da ba a ɗaure ba kuwa ba ta da amana. Kafin ruwan ya gama tsiyayewa ta gudu daga ko'ina ta dunƙule a gefe guda. Bargo ya rataya a igiya kamar akuya mai tsohon ciki, sama fata da ƙashi, ƙasa tim.

Auta ne ya fara dawowa, ya same ta durƙushe a gindin igiya, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta ce masa safirayis, wato ba-zata, ta so yi wa Inna. Ya ce ai kuwa za a yi mamaki. Ya bubbuga bargon yadda yake bubbuga firjin da ya ƙi tashi, bai ji komai ba, sai sallamar Inna a ƙofa.

Salatin Yaya Babba sai da ya tashi tsuntsayen unguwa. Ta ce wannan ba bargo aka wanke ba, ubansu aka wanke daga gidan. Yarinya ta tattara kayanta yau ɗin nan ta tafi gidan iyayenta, in kuwa Auta ya ƙi, to ya zaɓa, ko danginsa ko ita. Amarya ta buɗe baki, Auta ya riga ta.

"Ni na wanke, Yaya."

Yaya Babba ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta rantse duk ranar da gaskiya ta fito, ita da kanta za ta ɗauki akwatin 'Yar Tsafta a ka har tasha. Inna ta daɗe tana shafa dunƙulen audugar. Daga baya ta dubi ɗanta ta ce tunda shi ya ɓata, shi zai gyara, kullum bayan la'asar, a gabanta.

Haka mai gyaran firji ya koma ɗan koyon ɗinki. Ya warware gefuna, ya zazzage auduga, aka shanya, ya zauna yana tsefe ta sili-sili har gashin girarsa ya yi furfura. Da aka sake shimfiɗa ta, Inna ta ba shi basilla. Ta ce daga tsakiya ake fara ɗauri a bi zuwa gefe, in ba haka ba yadi ya tattare. A soka har ƙasa, a dawo sama, a ƙulla sau biyu, a yanke zare a bar masa ɗan gemu, a auna faɗin tafin hannu a sake. Auta ya fi soka yatsunsa fiye da bargon. Wayarsa ta yi ta kuka, kwastomomi na cewa kifi ya narke, har ya gaji ya kashe ta.

Aikin amarya riƙe gefe, kada ya yi sako-sako. A nan ta ji tarihin kowane ƙyalle. Shuɗin nan, in ji Inna, rigar da Baba ya sa ce ran da ya zo neman aurenta, ta aro ce, kuma har yau mai ita bai gan ta ba. Mai ratsin nan kuwa a cikinta ya ɗauki Auta yana jariri, Auta ya yi masa abin da jarirai ke yi. Ana ta dariya, ban da amarya. Sau da yawa takan fara, "Inna, dama ni..." sai Inna ta ce, "Ja gefenki, 'yar nan, ya karkace."

A ɗakinsu amarya ta roƙi Auta ya bar ta ta faɗa, ko don yatsunsa. Ya miƙa mata su tana shafa magani, ya ce, "Madam, yatsa na warkewa. Ɗakin nan in ba ke a ciki, wane kemis ne ke da maganinsa?"

Aka gama ɗauri. Inna ta yanka wani zanenta ta fitar da dogon ƙyalle na baki, aka lulluɓe gefuna da shi. Kusurwa ce mai gardama: a ninke ƙyallen sama, a dawo da shi ƙasa, ya ba da layi a karkace kamar bayan ambulan. Ta farkon da Auta ya yi ta fito kamar kunnen jaki, Inna ta sa ya warware, ta rufe uku da hannunta.

Ranar rufe ta huɗu Yaya Babba ta iso da wuri, don ta daɗe da sa wa bargon ido. Ta dubi yatsun ƙanenta duk filasta, ta ce ga mijin-ta-ce nan, shago a rufe, mutunci a ƙasa, maza suna gyaran inji shi yana ƙulla zare. Auta ya yi murmushi. Amarya ce ta kasa daurewa. Ta saki gefen da take riƙe, ta durƙusa.

"Inna, ni na wanke bargon. Bai ma san na taɓa shi ba. Ku bar zaginsa, ni za a hukunta."

Yaya Babba ta miƙe tana gyara ɗaurin kallabi, tana tambayar ina akwatin yake.

"Zauna," in ji Inna. "Ni na haifi yaron nan. Ko cokalin da ya ci abinci da shi bai taɓa wankewa ba, sai bargo? Tun ranar na sani." Ta juya ga amarya. "Ba idona ne ya tsayar da ni ba, 'yar nan. Tsoro nake ji in rufe shi, in tashi da safe ba sauran abin da zan yi wa babansu. 'Ya'yana duk suna ganinsa, ba wanda ya ko karkaɗe shi. Ke kika taɓa. Ruwanki ya tilasta ni na gama, ƙaryar mijinki kuma ta zaunar min da shi a gabana, abin da rabona da shi tun yana ɗan gajeren wando. Na gode muku ku biyu."

Sai ta miƙa mata allura da zare, ta tura mata kusurwar ƙarshe. Yaya Babba ta ɓata fuska, don a gidan nan kowa ya san ƙa'idar Inna: wanda ya rufe kusurwar ƙarshe shi ke kwana a cikin bargo.

Hawaye ya rufe wa amarya kafar allura, zare ya ƙi shiga. Aka yi ta kallonta. Can Yaya Babba ta ja dogon tsaki, ta fizge allurar, ta lashi bakin zaren ta zura, ta mayar mata.

"Ungo. Ki ɗinka ƙanana, kada ki kunyata mu."

To 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: kuskure ba ya kashe aure, rashin mai tsaya maka ne ke kashe shi. Wanda ya sha suka dominki, ki yi haƙuri ki riƙe masa gefe, in lokacin gaskiya ya zo kuma kada ki bar shi shi kaɗai. Sannan kowane irin son tsafta gare ki, ki tambaya kafin ki jiƙa.