Takalmin Da Ya Ciji Malam Zayyanu

Ranar da Malama Khairiyya ta fara shiga ofishin malamai a wata firamare kusa da Ƙofar Dundaye, Malam Zayyanu bai kalli fuskarta ba, ƙafarta ya kalla. Sauran malamai mata duk takalma masu tsini suka sa, ita kuwa na jar fata ne marar tudu, don mai tsayuwar darasi shida a yini ba ta wasa da ƙafarta.

"Malama, kakarki ba ta biɗi takalminta ba?" in ji shi. Ofis ya kwashe da dariya.

Bai san mahaifinta Malam Garba baduku ne ba, kuma da hannunsa ya ɗinka mata shi don murnar samun aiki. Ta yi murmushi kawai, ta ƙulle abin a ciki. Ni dai ban ga laifinta ba.

Wata uku ba su cika ba so ya yi wa mai tsokana kamun kazar kuku. Ya turo mata saƙo:

"Hasken idona, ki yafe mini. Bakina ne ya riga hankalina."

Ta amsa: "Na ji. Lamba nawa kake sawa?"

"Arba'in da uku, tauraruwata."

Ta je ta ce wa mahaifinta wani abokin aiki na son takalmi, lamba arba'in da ɗaya. Ta naɗe shi a takarda mai ƙyalli ta kai masa kyauta.

Ana haka Zayyanu ya tura manya neman izini. Ashe maganar ofis ta riga su isa. Malam Garba ya ce, "Wanda yar rena sana'ata ba shi aure ɗiyata." Suka koma jiki a sanyaye.

Zayyanu kuwa kullum da takalmin yake zuwa aji. Satin farko Khairiyya ta sha daɗi, tana leƙensa ta taga yana ɗingishi gaban allo, tana cewa a ranta, ɗanɗana ka ji. A sati na biyu ta ga jini a safarsa. Nan daɗin ya ƙare, don ita ma ta kamu, girman kai ne ya hana ta faɗi.

"Don Allah ka tuɓe shi," ta ce. "Da gangan na rage lamba."

"Na sani tun ranar hwarko, masoyiyata. Ɗinkin Baba na, ba ni tuɓe shi sai ya yahe mani."

Ranar Asabar da hantsi ya ja ƙafa har rumfar Malam Garba, ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon bai amsa ba, sai da idonsa ya faɗa kan ɗinkinsa, sannan kan tafiyar mutumin. Ya cafko ƙafar ya zare takalmin da ƙyar.

"Subhanallahi! Shekara arba'in ban ɗinka abin da yac ciji mutum ba. A kira min Khairiyya!"

Ta zo kanta a ƙasa. "Ramuwa ta, Baba. Kai yat taɓa."

"Shi ya rena aikina da baki, ke kin ɓata shi da hannu. Wa yah hi wani laihi?" Ya juya ga Zayyanu. "Kwana nawa kana cikin wagga azaba?"

"Sha biyu, Baba."

Malam Garba ya jawo kwali da fensir, ya dafa ƙafar ya zagaye ta da kansa. "Ka ce ma manyanka su komo."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, ango bai gama ɗingishi ba. Da za a kai amarya, Malam Garba ya riƙe hannunsa ya ce, "Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari. Amma ɗana, in kun yi hwaɗa tab ba ka kyauta, ka kawo in duba tukuna."